Tunanin Yara a Matsayin Tushen Zane Mai Motsi na Hausa: Waiwaye Daga Utako, Abuja

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, idan dare ya yi aka ci tuwo, yara kan kewaye wata tsohuwa ko wata yayarsu a tsakar gida domin a yi musu tatsuniya. A unguwannin manyan birane irin su Utako ta Abuja, talabijin da wayar hannu sun gaje mafi yawan wannan lokaci, kuma abin da yara suka fi zura wa ido shi ne katun, wanda akasarinsa a ƙasashen waje aka yi shi, da harsunan waje, bisa al'adun waje. Wannan sauyi ya shafi masana harshe kai tsaye, domin kuwa a waɗannan shekaru na ƙuruciya ne yaro yake tara kalmomi da salon magana da zai rayu da su.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tunanin yaro Bahaushe, kamar yadda yake bayyana a tatsuniyoyinsa da wasanninsa da zane-zanensa da kuma harshensa, ya wadatar da duk mai son tsara katun na Hausa. Za a kuma nuna cewa wani muhimmin ɓangare na wannan aiki, wato tattaro kayan da fayyace su, ya rataya ne a wuyan masana harshe da adabi.

2.0 Ma'anar Zane Mai Motsi da Yadda Ake Yin Sa

Zane mai motsi, wanda jama'a suka fi kira katun, jerin hotuna ne da ake zanawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan saɓa wa wanda ya gabace shi, sannan a haska su a jere cikin sauri har ido ya ga kamar abin da aka zana motsi yake yi. A ƙa'idar fim, hotuna 24 ake haskawa a kowace daƙiƙa. Domin rage wahala, masu zane kan bar kowane zane ya tsaya sau biyu, wato zane 12 ke nan a daƙiƙa. A bisa wannan lissafi, shiri na minti 5 kacal zai buƙaci zane 3,600. Kwamfuta ta sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai, amma ba ta sauke wa mai zane nauyin yanke shawara a kan sura da motsi ba.

Kafin a fara motsa komai, sai an tsara surar kowane ɗan wasa: tsayinsa, faɗinsa, tufafinsa, launinsa, da irin tafiyarsa. Haka kuma sai an tsara muhallin da labarin zai gudana. Wannan mataki shi ake nufi da zayyana a wannan maƙala. A nan ne mai zane yake komawa ga abin da ke taskance a zuciyarsa, kuma idan babu komai a taskar sai katun ɗin Amurka da na Japan da ya kalla yana yaro, to, su zai sake haifarwa ko da ya sa musu babbar riga da hula.

3.0 Utako da Yaran Cikinta

An kafa Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta 1976, gwamnati kuma ta ƙaura zuwa Abuja daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Utako tana cikin gundumomin zango na biyu na ginin birnin, tana maƙwabtaka da Wuse da Jabi da Mabushi da Wuye. An san ta da babbar kasuwarta da tashoshin motocin da ke zuwa sassan ƙasar nan daban-daban, kuma asalin mazauna wurin Gbagyi ne. Saboda haka, yaron da ya tashi a gidan Hausawa a wannan gunduma yakan ji Hausa a gida da kasuwa, Ingilishi a makaranta, Turancin buroka a tasha da kan titi, wani lokaci kuma har da Gbagyi a bakin maƙwabta.

Irin wannan yaro ya sha bamban da takwaransa na Kano ko Katsina ta fuskoki biyu. Na farko, sau da yawa kakarsa tana can garinsu, ba ya ganin ta sai da salla ko lokacin hutu. Na biyu, gidajen haya masu katanga da ƙofar ƙarfe ba su bar masa dandali ba. Makaranta ma ba lallai ta cike wannan giɓi ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, a 2022 aka faɗaɗa tanadin zuwa shekaru 6 na firamare, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya bayyana soke shi tare da mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Ke nan abin da yaro yake kalla a gida ya ƙara nauyi wajen raya Hausarsa ko raunana ta.

4.0 Ayyukan da Suka Gabata

Ba yau aka fara gina katun a kan tunanin yaran wannan yanki ba. Fitaccen misali shi ne Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, ya rasu a 2015. Tun yana yaro yake nishaɗantar da tsaransa da wasan inuwa, ta hanyar amfani da fitila da surorin da ya ƙera da hannunsa. Daga baya ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada inda ya ƙaru da Norman McLaren. Fim ɗinsa La Mort de Gandji ya fito a 1965, Bon Voyage Sim kuma a 1966. A na biyun, kwaɗi ne 'yan wasan, shugabansu Sim ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, aka tarbe shi da fareti da duk wani bikin da aka saba yi wa shugabanni. A Samba le Grand na 1977 ya yi amfani da 'yan tsana, a Kokoa kuma ya sa dabbobi suka yi kokawar gargajiya. Ya shafe shekarun ƙarshe na rayuwarsa a Tawa, cikin ƙasar Hausa. Abin lura a aikinsa shi ne, kwaɗon da kowane yaro ya sani a bakin tafki da damina shi ya ɗauka ya yi wa masu mulki zambo da shi, kamar dai yadda mai tatsuniya yake yi da Kura da Zaki.

A Abuja kanta, Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino a 2010, a ƙarƙashin kamfanin EVCL. Shirin ya ƙunshi wani yaro da 'yar'uwarsa da ke zaune a wani birni na zamani a Afirka, tare da wani malam-buɗe-littafi mai abin al'ajabi da ake kira Zeena, kuma kashinsa na farko a kan bikin samun 'yancin kan Nijeriya ya yi magana. Da Ingilishi aka fara yin sa, sannan aka juya shi zuwa wasu harsuna, ciki har da Hausa. A waje kuwa, Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a Gini, ya gina Kirikou et la Sorcière na 1998 a kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, fim ɗin kuma ya karɓu a ƙasashe da dama. Waɗannan misalai sun tabbatar da cewa kayan gida suna iya ɗaukar nauyin aikin. Abin da har yanzu yake da ƙaranci shi ne katun ɗin da aka yi tunaninsa da Hausa tun daga tushe.

5.0 Kafofin Tunanin Yara

5.1 Tatsuniya

An daɗe da taskace tatsuniyoyin Hausa a rubuce. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, Rattray da Tremearne suka fitar da nasu a 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tsara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai 6 domin 'yan makaranta. Labari dai ba a rasa shi ba. Matsalar mai zayyana ita ce, mai tatsuniya ba ta cika tsayawa siffanta 'yan wasanta ba. Ta ambaci Gizo, ta wuce. Shin Gizo ƙwaro ne mai ƙafa 8, ko kuwa wani ɗan ƙanƙanen mutum ne mai riga da hula? A cikin labari yana da mata, wato Ƙoƙi, yana noma, yana zuwa fada, yana hawan doki, amma idan ya ƙure sai ya haye rufin ɗaki ya maƙale. Haka Dodo yake, kowa yana tsoronsa, babu wanda ya taɓa ganinsa.

Kowane yaro da ya saurari tatsuniya ya riga ya warware wannan matsala a zuciyarsa, domin ba zai iya bin labarin ba sai ya ba Gizo wata sura. Idan aka tara yara aka yi musu tatsuniya ba tare da an nuna musu hoto ba, sannan aka ba su takarda da fensir, za a sami Gizo iri-iri. Abin da ya yi ta maimaituwa a cikin zane-zanen, ko ƙaton ciki ne, ko siraran ƙafafu, ko manyan idanu, shi ne ya kamata ya zama ginshiƙin surar da za a tsara.

5.2 Wasanni da Kayan Wasa

Yaro Bahaushe maƙeri ne tun kafin ya iya rubutu. Yana yin mota da kara ko langa-langa, yana gina shanu da dawaki da laka, yana hawan dokin kara, yarinya kuma tana yi wa 'yartsana kitso da aure har da kayan ɗaki. Waɗannan abubuwa darasi ne a kan taƙaita sura. Saniyar laka ba ta da ido ko kofato, amma da ganin tozo da ƙaho an san saniya ce. Wannan shi ne ainihin abin da mai zayyanar katun yake nema, wato sura mai sauƙin da za a iya maimaita ta sau dubbai ba tare da ta ɓace wa mai kallo ba. Bugu da ƙari, kara da laka da tsumma kaya ne da za a iya motsa su a gaban kyamara kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto, kamar yadda Alassane ya yi da 'yan tsanarsa.

Tashe, wanda yara kan fara bayan azumi ya kwana 10, ya ƙara da wani abu, wato shiga da kwaikwayo. Yaro ya manna auduga a haɓa ya ranƙwafa ya zama tsoho, wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama mai magani. Da abu ɗaya ko biyu ake gane kowane ɗan wasa, kuma ana zuzuta abin har ya ba da dariya.

5.3 Zanen Yara

Masana sun yi nazarin zanen yara tun da daɗewa. Luquet (1927) ya nuna cewa ƙaramin yaro abin da ya sani yake zanawa, ko da ido ba ya ganin sa, shi ya sa yakan zana ɗaki a hango mutanen da ke ciki ta jikin bango. Lowenfeld (1947) ya kasa zanen yara zuwa matakai gwargwadon shekaru, ya kuma lura cewa yaro yakan girmama abin da ya fi muhimmanci a wurinsa, ya ƙanƙanta ko ya watsar da saura. Wannan ɗabi'a ta yi daidai da zuzutawa, ɗaya daga cikin ƙa'idoji 12 na zane mai motsi da Thomas da Johnston, ma'aikatan Disney, suka bayyana a littafinsu na 1981.

Sai dai akwai gargaɗi a cikin aikin Vygotsky (1930), wanda ya nuna cewa tunanin ƙirƙira daga abin da mutum ya gani ko ya ji yake samun kayan gini. Yaron Utako da ya shekara yana kallon katun ɗin waje, idan aka ce ya zana jarumi, mai yiwuwa ne ya zano wanda ya saba gani a talabijin. Don haka sai an fara ciyar da tunanin da tatsuniya da wasa kafin a nemi amfaninsa.

5.4 Amsa-kama

Wannan ita ce kafar da ta fi kusa da masana harshe, kuma ita aka fi yin sakaci da ita. Amsa-kama, wadda Newman (1968) ya yi nazarin matsayinta a ginin jimla, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 yake cike da misalanta, ta yawaita a bakin yara da masu tatsuniya. A dubi waɗannan misalai:

(1) Ya tsaya cak.
(2) Ya faɗi tim.
(3) Ya miƙe zumbur.
(4) Gizo ya shiga saɗaf-saɗaf.
(5) Ƙaton yana tafe buguzum-buguzum.
(6) Tsoho yana tafe tinƙis-tinƙis.
(7) Ya saki baki galala.
(8) Ya fita sumumu.

Idan aka lura, siffar kowace kalma tana nuna tsawon motsin da yanayinsa. Misalai na (1) zuwa (3) gajeru ne, kuma da baƙi suka ƙare, saɓanin yawancin kalmomin Hausa da ke ƙarewa da wasali. Motsin da suke nunawa na farat ɗaya ne, wanda mai zane zai gama da zane biyu ko uku. Misalai na (4) zuwa (6) suna da ninki, motsinsu ma mai maimaituwa ne. A aikin katun, tafiya jerin zane ce da ake yi sau ɗaya a yi ta juya ta, kuma waɗannan kalmomi uku sun ba da tafiya uku mabambanta: ta sanɗa a kan yatsu, ta nauyin jiki da rangaji, da ta gajiya. Misalai na (7) da (8), masu maimaita gaɓar ƙarshe da dogon wasali, suna nuna yanayi mai ɗorewa, inda za a tsayar da zane ɗaya ko a ja motsin a hankali.

Haka abin yake a yanayin fuska, kamar tsuru-tsuru da wuƙi-wuƙi da jugum, da kuma launi, kamar fari fat, baƙi ƙirin, ja wur da kore shar. Ashe ke nan, idan aka rubuta labarin katun da Hausa tun farko, umarnin motsi da na launi yana cikin jimlolin. Idan kuwa da Ingilishi aka rubuta aka zana, sannan aka ɗora muryar Hausa, to, an riga an yanke motsin, amsa-kama kuma ba ta da wurin zama.

6.0 Murya da Motsin Baki

Masu katun suna da jadawalin siffofin baki da suke bi domin leɓe ya dace da sauti, kuma jadawalin da ya fi yaɗuwa a kan sautukan Ingilishi aka gina shi. Hausa tana da nata buƙatu. Alal misali, a Ingilishi ana furta /f/ da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, amma a bakin yawancin Hausawa leɓɓa biyu ne suke kusantar juna, a karin harshen yamma ma /hw/ ake ji a kalmomi irin su fari da faɗa. Duk katun ɗin da ya ɗora haƙori a kan leɓe a nan, bakin wani harshe ya ara. Sautukan /b/ da /ɓ/ da /m/ suna iya tarayya a siffa ɗaya ta rufaffen baki, su kuwa /kw/ da /gw/ da /ƙw/ suna buƙatar a kewaye leɓɓa.

Tsawon wasali ma yana da tasiri. Kalmar gari ta mazauni da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne, amma wasalin farko gajere ne a ɗaya, dogo a ɗayar. Dogon wasali yana buƙatar baki ya daɗe a buɗe, wato ƙarin hotuna. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawo ko karin sauti, ya kamata a yi wa takardar da masu murya da masu zane za su bi alamomi a wuraren da ake iya samun ruɗani. Akwai kuma tsamin bakin Gizo, wanda yake mayar da /r/ ta koma /y/, har ya kira sarki da sayki. Wannan siffa ce da yara suke gane shi da ita tun kafin a ambaci sunansa, bai kamata a gyara masa ita da sunan daidaitacciyar Hausa ba.

7.0 Wasu Abubuwan Kiyayewa

Ba duk abin da ke cikin wasannin gargajiya ne zai dace da yaran gunduma irin Utako ba. Wasan tashe na Macukule, alal misali, kwaikwayon Bagware ne. Abin da ake ɗauka wasan barkwanci a Kano ko Zariya yana iya zama cin fuska idan aka haska shi a gaban yaran da suke aji ɗaya da 'ya'yan Gbagyi, a kan ƙasar kakanninsu. Haka nan wasu tatsuniyoyi suna da zafin horo da kisa da sai an tace su. Akwai kuma iyayen da suke da ƙyamar zanen abu mai rai saboda dalilan addini, kuma ya kamata mai shiri ya san da su, ya nemi shawarar malamai tun kafin ya yi nisa.

Game da yaran da za a yi aiki da su, wajibi ne a nemi izinin iyayensu, a kuma kiyaye tanade-tanaden Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda take aiki a Babban Birnin Tarayya. Idan zanen wani yaro ya zama tushen surar da aka yi kasuwanci da ita, adalci ne a san yadda za a saka masa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa tatsuniya tana ba mai katun labari, kayan wasa da zanen yara suna ba shi sura, amsa-kama kuma tana ba shi motsi. Abin da ya rage shi ne a haɗa masu zane da masana harshe a kan aiki ɗaya. Sassan koyar da harsunan Nijeriya na jami'o'i za su iya farawa da abubuwa uku: tattara amsa-kama ta motsi da ta yanayin fuska a kasa ta gida-gida yadda mai zane zai iya amfani da ita, tsara jadawalin siffofin baki na sautukan Hausa, da kuma naɗar tatsuniyoyi daga bakin yara tare da adana zanen da suka yi a kansu. Irin wannan bincike zai yi kyau a gudanar da shi a wurare biyu, a gari irin Katsina da kuma gunduma irin Utako, domin a ga abin da yaran birni suka riƙe da abin da ya kuɓuce musu. Masana Yarabanci da Ibo da Fulfulde da Kanuri, waɗanda harsunansu ma suke da amsa-kama mai yawa, za su iya gwada wannan hanya a nasu fagen.